Tambaya da Amsa: Sun haddace nahawu, amma kwafe suke yi

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina koyar da Turanci a aji ɗaya na babbar sakandare. Ɗalibaina sun haddace ƙa'idojin nahawu, amma in na ba su rubutu kan zaizayar ƙasa ko zazzaɓin cizon sauro, sai su kwafo layi guda su ce ita ce amsa. Ina mafita? Daga wata malama a Gusau.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malama. Tushen matsalar shi ne raba nahawu da karatu, kowanne da ranarsa. Ki haɗa su a darasi ɗaya na minti 40, kan rubutun da bai wuce sakin layi uku ba.

A minti biyar na farko ki rubuta kan maganar a allo, su faɗi abin da suka sani a kai, ko da Hausa ne. Ki fayyace kalmomi biyar kawai, sauran su lalubo ma'anarsu daga jimla. Sai su yi karatun zuci na minti goma, fensir a hannu. A kowane sakin layi su ja layi ƙarƙashin jimlar da ta ɗauki jigon magana, su kewaye irin su "because", "however" da "therefore", domin a nan marubuci yake kawo dalili ko ya juya akala.

Daga nan a kife takarda. Wannan ne maganin kwafe. Kowa ya rubuta jigon da kalmominsa, a jimla ɗaya cikakkiya. A sashen taƙaitawa na jarrabawar WAEC, ɗauko jimla yadda take yana jawo asarar maki, gara su saba tun yanzu.

Nahawun kuwa daga cikin rubutun za ki ciro shi. Ki ɗauki jimla ɗaya ki tambaya: wa ya yi, me ya yi, yaushe? Ki lura da inda Hausa take jan su. Mu muna cewa "Audu ya tafi", "Audu zai tafi". Ƙaramar kalmar nan ta tsakiya ce take nuna lokaci, "tafi" bai sauya ba. Shi ya sa yaro yake rubuta "Audu he go", ya ƙara wakilin suna, ya bar aikatau yadda yake. Ki jera jimlolin biyu a allo, ta Hausa a sama, ta Turanci a ƙasa, su ga inda lokacin ya koma.

Wajen duba aiki, kada ki cika takarda da jan biro, yara kan karaya. Kowane mako kuskure iri ɗaya za ki bi, ki fara da "s" da "ed" na ƙarshen aikatau.