Amsa: Ɗana mai shekara 8 ya yi ƙiba, ko in damu?

'Yar'uwa, kin ce ɗanki ya yi ƙiba, ana gaya miki zai zube idan ya girma. Ni dai ina ganin kada ki zuba ido. Wasu yaran kan zube, amma da yawa da ƙibar suke girma.

Abin da ya fi damuna shi ne zuciya. Maiƙo kan fara taruwa a bangon jijiyoyin jini tun a ƙuruciya, ba tare da wata alama ba. Wani dogon bincike da aka fara a garin Bogalusa na Amurka a shekarun 1970 ya nuna cewa yara masu ƙiba sun fi samun hawan jini da yawan maiƙo a jini, kuma abin yakan bi su har girma.

Fara da abin sha. Ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka ta ce kada sukarin da ake ƙara wa abincin yaro ya wuce giram 25 a rana, alhali gwangwanin lemon kwalba ɗaya kan kai giram 35. Ruwa ya maye gurbinsa. Ki rage soye-soye da gishiri, ki ƙara ganye da 'ya'yan itatuwa, kuma kada ya ci abinci yana kallon talabijin, don ba zai lura ya ƙoshi ba.

Don Allah kada ki hana shi abinci ko ki yi masa gori. Gidan gaba ɗaya ya canja, ba shi kaɗai ba. Ya samu awa ɗaya ta guje-guje kullum, likita kuma ya auna tsayinsa, nauyinsa da jininsa.