Rumbun bayanai a kan Kubernetes: a girka da kai ko a ci gaba da haya?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Mu huɗu ne muke kula da manhajarmu, kuma tana gudana a kan Kubernetes, tsarin da ke rarraba manhajoji a kan gungun na'urori, amma rumbun bayananmu na PostgreSQL hayarsa muke yi a Amazon RDS. Kuɗin ya fara yi mana nauyi. Mu kwaso shi mu saka cikin gungun na'urorinmu?

Barka kadai, ɗan'uwa. Kafin mu taɓa maganar kuɗi, bari in tambaye ka: a cikinku huɗun nan, wa ya taɓa dawo da rumbun bayanai daga kwafin ajiya da hannunsa, ya duba ya ga komai ya dawo daidai? In babu ko ɗaya, ku zauna inda kuke tukuna.

Ga dalilina. Google ya fitar da Kubernetes a 2014, sigar 1.0 ta fito a 2015, kuma tun daga tushe an gina shi ne a kan cewa kwantena, wato ƙunshin da manhaja take gudana a ciki, abin yarwa ne: ya mutu, a ta da wani, babu mai kuka. Wannan ya dace da manhajar da ba ta riƙe komai. Shi kuwa rumbun bayanai dukiyarsa tana kan faifai, kuma kowane kwafi yana da matsayinsa: akwai uban gida da ake rubutu a kansa, akwai masu bin sa suna kwafa. A sigar 1.9, a 2017, StatefulSet, ɓangaren Kubernetes mai kula da manhajojin da suke riƙe bayanai, ya tsaya da ƙafarsa, yana ba kowane kwantena suna tsayayye da faifansa da zai riƙa bin sa. To amma iyakarsa ke nan. Bai san wane kwafi ne uban gida ba, bai san wanda zai gaje shi in ya faɗi ba, kuma ba ya ɗaukar kwafin ajiya.

Wannan giɓin ne ofareta yake cikewa, dabarar da kamfanin CoreOS ya gabatar a 2016: manhaja ce da take zaune a cikin gungun tana yin aikin ƙwararren mai kula da rumbu. Yau akwai masu kyau ƙwarai, kuma ina amfani da su da zuciya ɗaya. Sai dai ranar da ofaretan kansa ya rikice, babu wanda za ka buga wa waya. Kuɗin hayar da kake jin nauyinsa, wani ɓangarensa ladan mutanen da suke tashi da tsakar dare ne a madadinka. Saboda haka in za ka yi lissafi, ka sa na'urori uku, da faifansu, da ma'ajiyar kwafi, sannan ka sa lokacin mutum guda cikinku. Ka kuma tuna Kubernetes yana fitar da sabuwar siga sau uku a shekara, kowace ana tallafa mata kamar wata 14, kuma duk sabuntawa sai an tashi rumbun daga wata na'ura zuwa wata.

Shawarata: ku fara kwaso rumbunan gwaji kawai. Ku kashe uban gidan da gangan ku ga minti nawa zai ɗauka kafin wani ya hau. Ku goge komai ku dawo da shi daga ajiya, kowa a cikinku ya yi sau ɗaya. In hannu ya faɗa, sai ku taɓa na ainihi.

Tambaya: Malam, ni ce mai kula da gungunmu. Masu rubuta manhaja kullum suna bina in buɗe musu sabon rumbu, wani MySQL, wani MongoDB, wani PostgreSQL. Wane dandali zan girka da zai rage mini wannan wahala?

Sannu da ƙoƙari, 'yar'uwa, na san wannan gajiyar. Tunda iri uku kike fama da su, ki duba OpenEverest, wanda a da ake kira Percona Everest. Kyauta ne, lambarsa a buɗe take, yana hawa kan ofaretocin Percona na waɗannan rumbunan uku, kuma yana ba da shafi guda inda mutum zai zaɓi irin rumbu da girmansa da lokacin ɗaukar kwafi, ya danna, shi ke nan. Amma kada ki miƙa musu shafin sai kin ware wa kowace ƙungiya yankinta kin sa mata iyakar memori da faifai, in ba haka ba cikin mako guda za ki tarar an cika miki gungu da rumbunan da ba wanda ya tuna da su.

Da PostgreSQL kaɗai kike da shi, da CloudNativePG zan nuna miki, wanda kamfanin EDB ya saki lambarsa a 2022. Ina son sa saboda kayan cikinsa kaɗan ne, abin da zai lalace ma kaɗan ne. Ofaretocin kamfanonin Zalando da Crunchy Data sun dogara da wata manhaja mai suna Patroni wajen zaɓen sabon uban gida, kuma sun daɗe suna aiki. Wanda ya riga ya saba da Patroni ba shi da dalilin gudu. Kowanne kika ɗauka, ki tabbata yana tura rajistar canje-canjen rumbun zuwa ma'ajiya irin S3 ta Amazon da ke wajen gungun. Da ita ake komawa daidai mintin da ya gabaci ɓarna. Kwafi na biyu da na uku ba sa ceton ki daga kuskuren hannu, domin abin da aka goge a kan uban gida nan take suke goge shi su ma.

Tambaya: Malam, faifan da ke jikin na'ura zan saya, ko wanda ake haɗawa ta hanyar sadarwa?

Na jikin na'ura ya fi sauri nesa ba kusa ba, amma in na'urar ta mutu ya tafi da ita, don haka sai kana da kwafi uku a na'urori daban-daban, kuma ka hana Kubernetes tara su wuri ɗaya. Na hanyar sadarwa yana bin kwantena zuwa wata na'ura, sai dai irin faifan EBS na Amazon ba ya tsallake shiyyar cibiyar na'urorin da aka ƙirƙire shi a ciki. Ga mai farawa, na biyun ya fi kwanciyar hankali. Ka fara da madaidaici, domin ana iya ƙara girmansa amma ba a rage shi.

Abu ɗaya nake roƙonka. Ka buɗe StorageClass ɗinka, wato saitin da Kubernetes yake bi wajen ƙirƙirar faifai, ka duba layin reclaimPolicy. In ba a taɓa shi ba, Delete za ka gani, ma'ana duk ranar da aka goge takardar neman faifan, faifan ma ya tafi da abin da ke ciki. Na taɓa share wani yanki da na ɗauka na gwaji ne, ina kallon allo sunayen faifai suna ɓacewa ɗaya bayan ɗaya, hannuna yana rawa a kan madannai, babu abin da zan iya tsayarwa. Kwafin daren da ya gabata ne ya fitar da mu, amma aikin yini guda ya salwanta. Ka ƙirƙiri sabon StorageClass mai Retain, wato a bar faifan, kafin ka zuba bayanin farko.