Yaya Zan Koyar da Anatomi Ya Zauna a Kan Ɗalibai?

Tambaya: Malam, ni likita ce a Agege, na fara koyar da anatomi, wato ilimin sassan jiki. Ɗalibaina suna haddace sunaye su ci jarrabawa, amma da sun shiga asibiti sai komai ya gudu. Ina mafita?

Amsa: Ƙanwata, ki riƙa fara darasi da majinyaci, sunan gaɓa ya biyo baya. Ƙasusuwan baligi 206 ne, kuma wanda ya jero su duka bai zama likita ba sai ya san abin da ke faruwa idan ɗaya ya karye.

Ɗauki ɗan acaɓa da aka kai asibitin ƙashi na Igbobi da karaya a tsakiyar damtse. Ki nuna musu hoton ƙashin, ki ce hannunsa ya langaɓe daga wuyan hannu, ba ya iya ɗaga shi. Me ya jawo? Ki bar su su yi ta lalube. Da kansu za su gano cewa jijiyar radiyal tana bi ta wani kwari a bayan ƙashin, manne da shi, ita ce kuma ke sarrafa tsokokin da ke ɗaga wuyan hannu. Wanda ya gano haka da guminsa ba ya mantawa.

Allurar ɗuwawu ma haka. Ki sa su raba shi gida huɗu, su ga dalilin da ake yin ta a sashen sama na waje: jijiyar sayatik, babbar jijiyar da ke sarrafa ƙafa, tana saukowa ta ƙasa, kuma allura ɗaya a wurin da bai dace ba na iya barin yaro yana jan ƙafa. Wannan darasin ban taɓa yin sa da gaggawa ba, domin kusan kowannensu zai riƙe sirinji.

Daga nan sai ciwon afendis da ke farawa a cibiya kafin ya koma ƙasan ciki ta dama, da dusashewar murya bayan tiyatar maƙoƙo idan an taɓa jijiyar maƙogwaro.

Kada ki yar da ɗakin feɗe gawa saboda hotunan kwamfuta sun yi kyau. Hannu yana koyon zurfi da tauri da allo ba ya bayarwa, a nan ne kuma suke koyon mutunta jikin ɗan Adam. Bayan sun fito, kowa ya laluba bugun jini da ƙasusuwa a jikinsa.

Ki kuma sauya tambayoyin jarrabawarki. Muddin jerin sunaye kike tambaya, hadda za su ci gaba da kawo miki.