Tambaya da Amsa: Muhawarar Bindiga a Amurka da Darasin Tsarin Tarayya

Tambaya: Ina koyar da darasin gwamnati a makarantar sakandare, kuma ɗalibaina sukan haddace ma'anar tsarin tarayya ba tare da sun gane yadda gwamnatin tsakiya da jihohi ke ja-in-ja a kan iko ba. An ba ni shawarar in kafa musu misali da muhawarar mallakar bindiga a Amurka. Shin misalin ya dace, kuma ta ina zan fara? Daga wani malami a Gusau.

Amsa: Malam, misalin ya dace ƙwarai, amma da sharaɗin kada ajin ya koma gardama a kan ko riƙe bindiga alheri ne ko sharri, domin wannan gardama ba ta ƙarewa. Ka tsayar da ɗalibai a kan tambaya guda: wa ke da hurumin yin doka a kan lamarin?

Kundin tsarin mulkin Amurka ya lissafa ikon gwamnatin tarayya, sannan gyara na goma na 1791 ya bar sauran ikon ga jihohi ko jama'a, yayin da gyara na biyu ya kare haƙƙin riƙe makami. Daga nan sai ka kawo shari'ar Lopez. A 1990 majalisar tarayya ta haramta shiga yankin makaranta da bindiga, tana dogaro da ikonta na tsara kasuwanci tsakanin jihohi. Da aka kama wani ɗalibi mai suna Lopez da bindiga a makarantarsu da ke San Antonio, a jihar Texas, magana ta kai Kotun Ƙoli, kuma a 1995 alƙalai biyar cikin tara suka soke dokar, bisa hujjar cewa zuwa makaranta da bindiga ba kasuwanci ba ne. Ka nuna wa ɗalibai cewa kotun ba ta halatta abin da yaron ya aikata ba, don kuwa Texas tana da tata dokar da ta haramta shi. Abin da aka yanke shi ne cewa majalisar tarayya ta wuce gona da iri. A 1997 kuma, a shari'ar Printz, kotun ta ce gwamnatin tarayya ba ta da ikon tilasta wa jami'an tsaron jihohi binciken masu sayen bindiga da dokar Brady ta 1993 ta ɗora musu.

A ganina daɗin darasin yana cikin abin da ya biyo baya. A 2010, a shari'ar McDonald, masu goyon bayan mallakar bindiga, waɗanda a da suke kare ikon jihohi, suka garzaya kotun tarayya domin ta karya dokar birnin Chicago, kuma Kotun Ƙoli ta ce gyara na biyu ya hau kan jihohi da birane ma. A 2022 aka soke dokar jihar New York da ta buƙaci mutum ya nuna dalili na musamman kafin a ba shi lasisin yawo da bindiga, kuma a wannan karon masu son tsaurara doka ne suka koma kukan an tauye jihohi. Kowane ɓangare yakan tuna da ikon jihohi ne a ranar da gwamnatin tsakiya ta juya masa baya, kuma ɗalibin da ya gano haka da kansa ya wuce matakin hadda.

Sannan ka kwatanta da gida. Kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya sa makamai da harsasai cikin jerin abubuwan da majalisar tarayya kaɗai ke yi wa doka. Shi ya sa a watan Yunin 2022, lokacin da gwamnatin Zamfara ƙarƙashin Bello Matawalle ta umarci jama'a su nemi lasisin bindiga don kare kansu daga 'yan bindiga, babban hafsan tsaron ƙasa na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya ce gwamna ba shi da wannan ikon. Ka raba ajin gida biyu, wasu su kare matsayin gwamnan, wasu su kare na Abuja, kuma kada ka karɓi hujjar da ba ta jingina da kundin tsarin mulki ba.