Filin Amsoshinku: Mario na farko, da sauransa kuwa?

Tambaya: Salamu alaikum Yaya. Na yi tsintuwa a kasuwa, irin na'urar wasan nan da muke haɗawa da tele muna yara, har da kaset ɗinta ruwan ɗorawa. Na sayo wa ɗana mai shekara tara don ya ga Super Mario Bros. na farko. Bai yi minti goma ba ya ajiye manet, ya ce hoton duk ya farfashe, ya koma kan wayar uwarsa. Ni kuwa sai da na kai ƙarfe ɗaya na dare. Wasan ne ke da kyau har yau, ko ƙuruciyata kawai nake bege?
Wani uba, daga Tawa

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Ka sa ni aiki. Saboda wasiƙarka na jawo tawa na'urar daga ƙarƙashin gado, na hure ƙurar kaset kamar yadda muka gada, na kira ɗiyar ƙanwata mai shekara takwas na ba ta manet. Ni dai ba zan yarda da shaidar kaina ba. Mutumin da ya riƙa ɓoye dala biyar na abin kari don ya sayi rai uku a zauren wani mai tele a Bukoki, ai bai cancanci alƙalanci a wannan shari'a ba.

Na kama bakina na zuba ido. Mario na tsaye a hagu, gabansa fili fetal, ba wanda ya ce mata ta nufi dama amma can ta nufa. Ɗan dodon nan mai ruwan ƙasa ya taho yana tinƙis-tinƙis, ta je ta rungume shi, ta mutu. Ta yi tsaki. Karo na biyu ta tsallake shi, kanta ya bugi akwatin da ke da alamar tambaya, sule ya fito. Da ta bugi na gaba sai ga laimar kwaɗi ta faɗo, ta bugi bututu ta juyo kanta. Yarinya ta zaci wani mugun ne, ta yi tsalle don ta kauce, tubalin sama ya tare ta, abin ya taɓa ta, Mario ya ninka tsawo. Ihun da ta yi sai da uwarta ta leƙo daga madafa. Ko kalma ɗaya ba a rubuta mata ba, amma kafin ta kai bututu na biyu ta san abin takawa, ta san abin ci. Shigeru Miyamoto da Takashi Tezuka, waɗanda suka tsara wasan, ba da ka suka jera waɗannan abubuwa ba, kuma darasin da suka shirya a 1985, shekarar da kamfanin Nintendo ya fitar da wasan a Japan, ya kama ɗiyar Yamai da ba ta taɓa ganinsa ba.

Abin da ya hana ka barci kuma, ina jin na san shi: nauyin jikin Mario ne. Ba ya tashi da gudu farat ɗaya, sai ya ɗan ja jiki. In ka juya shi yana cikin gudu, sai ya yi santsi kafin ya tsaya. Ka ɗan taɓa maɓallin A, ya yi ɗan tsalle. Ka danne shi, ya yi sama sosai. Ka haɗa da B, maɓallin gudu, ya ƙetare ramin da ka rantse ba ya ƙetaruwa. Shi ya sa in ka faɗa rami ba ka zagin na'ura, yatsanka kake harara, ka ce bari in sake ɗaya. Wannan “ɗaya” ce ta kai ka ƙarfe ɗaya. Ƙara da kiɗan Koji Kondo da ke ƙara sauri in lokaci ya rage ɗari, har ka ji gabanka na faɗuwa. Duk wannan a cikin kilobait 40, abin da bai kai hoto guda na wayar matarka ba. Tsabar tsimin wuri, gajimaren sama da kurmin ƙasa zane ɗaya ne, launi kawai aka sauya. Duba da kyau yau da dare.

To amma ba a nan gizo ke saƙar ba, ɗanka ma yana da gaskiyarsa. Wasan ba ya ajiye inda ka tsaya. Zango 32 ne, ƙasa takwas kowace da huɗu, kuma a zama ɗaya ake so ka cinye su. Na taɓa isa 8-3, wato zango na uku a ƙasa ta takwas, ranar wata juma'a, gumi har gwiwar hannu, aka ɗauke wuta. Ban yi wa kowa magana ba har magariba. Allon ba ya komawa baya, abin da ka wuce ya wuce. Gidan dodo sau bakwai kusan faɗa ɗaya ne: ka tsallake shi ko ka bi ta ƙarƙashinsa, ka taɓa gatari, gada ta karye, sannan a ce maka gimbiyar da ka zo ceto tana wani gidan. Daga tsakiya kuma sai ka ga ana ɗumama tuwon jiya: 5-3 shi ne 1-3 da aka tsananta, 7-2 shi ne 2-2. Wanda na fi jin haushi shi ne 7-4 da 8-4, inda in ka bi hanyar da ba ita ba sai a yi ta maido ka wuri ɗaya ba tare da an nuna maka kuskurenka ba. Wannan ba gwaninta yake gwadawa ba, hadda ce. Wasan mutum biyu ma, mai Luigi, ɗan'uwan Mario, sai ya zauna jiran mutuwar Mario. In da gwani kuke yi, je ka sha fura ka dawo. Super Mario Bros. 3 da ya fito a 1988 ya fi shi yawan dabaru nesa ba kusa ba.

Ga abin da zan yi da ni ne kai. Ka ba shi manet ka koma gefe, kada ka tsaya a kansa kana “yi tsalle, yi tsalle”. Ina zargin rabin abin da ya kore shi ke nan. In rayukansa sun ƙare, koya masa ya danne A sannan ya taɓa Start, zai ci gaba daga farkon ƙasar da ya mutu maimakon komawa 1-1. Bayan kwana biyu ka nuna masa yadda ake hawa saman rufi a ƙarshen 1-2 a iske bututu uku masu kai mutum ƙasa ta 2, ta 3 ko ta 4. Yaro na son sirrin da zai kai lakkol ya yi wa abokai burga. In akwai tsohuwar tele mai ƙusumbi a gidan, haɗa da ita: wasu sabbin masu faɗi suna ɗan jinkirta hoto, kuma jinkirin ƙiftawar ido ya isa ya ɓata tsalle. Ɗiyar ƙanwata dai ta tsaya a 2-2, kifaye sun hana ta sakat, kuma ta tafi gida da manet ɗina guda a jakarta.

Tambaya: Yaya, a jikin kaset ɗin da na saya an rubuta wasanni dubbai. Da gaske ne?
Wata ɗaliba, daga Harobanda

Amsa: Ƙanwata, ƙirga su da kanki. Ƴan kaɗan ne ake ta maimaitawa da sabon suna, wani a fara ki daga zango na gaba, wani a sauya launi. Kaset ɗin da na'urar duka kwaikwayon Famicom ne, wato na'urar wasan Nintendo ta asali a Japan, amma ba Nintendo ya ƙera su ba. Na bi jerin nawa har lamba ɗari biyu, na haɗu da Mario sau goma sha ɗaya.