Kafin ka shiga kangon asibitin nan da kyamara

Ɗan'uwa, ka ce ka ga wani tsohon asibiti da ya zama kango a wani ƙauye ta wajen Ƙaura Namoda, kana son shiga ka ɗau hotuna, kana tambayar ta ina za ka fara.

Fara da mai unguwa, sannan sashen lafiya na ƙaramar hukuma. A halin da Zamfara ke ciki, baƙuwar fuska riƙe da kyamara a kango, nan da nan sai a ɗauke ka ɗan rahoton 'yan bindiga. Tafi da ɗan gari, da hantsi.

Jira rani, domin da damina bango ya sha ruwa, silin na iya rufto maka. Sa takalmi mai kauri saboda tsoffin allurai, ƙusoshi masu tsatsa da kububuwa. Rufe hancinka, ƙurar kashin jemage na cutar da huhu.

Abin da ya fi damuna katunan marasa lafiya ne. Na taɓa tarar da su warwatse a wani ɗakin haihuwa, sunayen matan mutane a fili, har yau abin na raina. Don Allah kada kyamararka ta kai kansu. Ɗauki hoton gadajen ƙarfen da rufin da ya yaye, ka kai wa kansilan mazaɓar, ko Allah zai sa a gyara.