Akori-kurar da aka mayar mai shan dizal: wane aji take a takarda?

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka ce ka ga tallar wata akori-kura da aka cire wa injin fetur aka ɗora mata na dizal, aka ɗaga ƙafafunta, mai ita ya ce takardunta na ƙaramar motar gida ne, kana tambaya ko hakan zai dame ka in ka saya. Zai dame ka, matuƙar takardar ba ta san da aikin da aka yi wa motar ba. Na jima ina saye da gyara da sayar da irin waɗannan motoci, kuma rigimar da na fi gani ba ta inji ba ce, ta takarda ce.

Masu rajista ba ruwansu da kyan fenti. Lambar casis suke bi, sai kuma ɗan farantin nan da kamfani ke mannawa a bakin ƙofar direba, mai ɗauke da iyakar nauyin da motar za ta kai da kayanta da mutanenta. Wannan adadi shi ke yanke aji. A Turai, motar kaya da iyakarta ba ta wuce kilo 3,500 ba tana ajin N1, lasin B na kowa da kowa ya ishe ka. Da ta haura ta koma N2, sai ka nemi wani lasin. A Amurka aji takwas suka kasa motocin kaya, kuma daga nauyin fam 26,001 zuwa sama sai mai lasin tuƙin manyan motoci. Shi ya sa da kamfanin International ya fito da CXT a 2004, ƙatuwar akori-kura a kan casis ɗin babbar mota, sai ya tsayar da iyakarta a fam 25,999. Da gangan aka yi, don mai ƙaramin lasin ya iya tuƙa ta.

Sauyin iri biyu ne, kada ka haɗa su. Akwai masu ɗauko casis ɗin gingimari, kamar Ford F-650, su ɗora masa bayan akori-kura. Wannan komai kwalliyarta, a takarda babbar mota ce, haraji da inshora na babbar mota za ka biya. Taka kuwa sauyin inji ne, kuma a nan ne mutane ke ruɗar kansu.

Injin da masu wannan aiki suka fi so shi ne Cummins 6BT mai lita 5.9, wanda Dodge ta fara sa wa akori-kurarta Ram a 1989. Ban ga laifinsu ba. Inji ne mai jimiri, na farkonsa ba kwamfuta, bakanike mai hankali zai kwance shi ya ɗaure. Amma nauyinsa ya kai wajen rabin tan, kuma kusan duk a kan aksul ɗin gaba yake sauka. Ka ƙara da giyar da za ta iya da shi, da babban lagireto, da batir biyu, da bamban ƙarfe, da ƙarin tanki, da manyan tayoyi. Motar ta yi ƙiba, farantin ƙofa kuwa yana nan yadda kamfani ya rubuta. Duk kilon da aka ƙara, daga cikin kayan da doka ta yarda ka ɗauka aka zabge shi. Na taɓa hawa da wata kan sikeli, tanki cike, sai muka ga abin da ya rage mata bai kai nauyin mutanen da za su cika kujerunta ba. Mai ita yana ta yabon ƙarfin ja, alhali birki da sifirin na asali ne. Ƙarfin inji ba ya sauya aji. A Ingila ma batun ya shafi haraji, don akori-kura mai gida biyu sai ta iya ɗaukar tan ɗaya ake lissafa ta motar kaya wajen harajin VAT.

Sai maganar hayaƙi. A Kalifoniya ƙa'ida ita ce injin da za a ɗora ya zama na shekarar motar ko wanda ya fi ta sabunta, da duk kayan tace hayaƙinsa. Tsohon inji a sabuwar mota ba zai wuce ba. A Ingila dole ka sanar da hukumar rajistar motoci, DVLA, in ka sauya inji ko nau'in mai, a gyara takardar rajistar motar, wato V5C. Kowace ƙasa da nata tsarin, amma tambayar farko ɗaya ce: lambar injin da nau'in man da ke takarda sun dace da abin da ke ƙarƙashin bonet?

Inda abin ya fi ciwo shi ne inshora. Wani da na sani ya yi karo da irin wannan mota, mai duba ɓarna ya buɗe bonet ya ga dizal, takarda ta ce fetur. Ko sisi ba a biya shi ba.

Don haka kada ka yi cinikin biri a sama. Ka nemi rasit ɗin injin da shaidar motar da aka ciro shi, don injin sata ma a haka yake shiga kasuwa. Ka nemi takardar injiniyan da ya duba aikin, in ƙasar tana buƙata. Ku je sikeli tare, a auna gaba daban, baya daban. Ka kira kamfanin inshora ka faɗa musu duk abin da aka sauya kafin kuɗi ya bar hannunka. In mai motar ya ce maka "ai kowa haka yake hawa", ka ce ya gyara takardun da sunansa tukuna, sannan a yi ciniki. Wanda ya tabbata da aikinsa ba ya ƙin wannan.

Ka turo hoton farantin ƙofar, ka rufe lambar casis ɗin, ka kuma faɗi ƙasar da za ka yi rajista, sai mu duba ajin da za ta faɗa.